Kyarkecin littafi da kyarkecin daji: Wanne ya ɓace, wanne ya rage?

Duk yaron da ya tashi a cikin birnin Kano ya san sunan kyarkeci tun kafin ya iya rubuta nasa sunan. A ƙissar Annabi Yusuf (AS) yawancinmu muka fara jin sa, inda 'yan uwansa suka dawo gida da daddare suna kuka, suka ɗora wa kyarkeci laifin da bai aikata ba. Amma da za mu tara ɗalibai goma a ƙofar wani zaure a Madabo, mu miƙa wa kowa takarda da fensir, mu ce a zana mana kyarkeci, da wuya zane biyu su zo ɗaya. Wani zai zano kare mai dogayen haƙora, wani ya zano kura, wani kuma ya kwaikwayo abin da ya gani a fim ɗin Turawa yana haushi a cikin dusar ƙanƙara.

Ba laifin ɗaliban ba ne. Kalmar ce ke ɗauke da dabbobi fiye da ɗaya. A wannan makon za mu bi sawun waɗannan dabbobi, mu ga yadda masana ke rarrabe su, da yadda wani reshensu ya ƙare a duniya tun kafin a gama tantance shi, da kuma abin da ya samu namu na ƙasar Hausa.

Daga zauren karatu

Madabo na cikin tsofaffin unguwannin birnin Kano, kuma da ilimi aka san ta. Tarihinta na haɗe da Wangarawa, malaman da suka zo daga ƙasar Mali. Littafin tarihin sarakunan Kano ya sanya zuwansu a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Unguwar ta yi suna wajen karantar da fiƙihun Malikiyya, har ana kiran shugaban malamanta Babban Malami.

A irin wannan karatu na zaure, ɗalibi yana jan Larabci, malam yana fassara masa da Hausa gaɓa-gaɓa. Ɗaya daga cikin manyan littattafan da ake karantawa shi ne Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar da ya rayu a ƙarni na 14. A babin abinci, ya lissafa dabbobin da aka karhanta cin namansu, ciki har da kura da kyanwa da giwa, da wata dabba da Larabawa ke kira zi'ibu. Ita ce dai dabbar da ke cikin ƙissar Annabi Yusuf. To malamin da ke zaune a Kano, da wace kalma zai fassara ta? Sai ya ɗauki sunan dabbar da ta fi kama da ita a dajinsa, mai yawo garke-garke tana farautar namun daji, wato kyarkeci.

Fassarar ta biya buƙata, domin ɗalibi ya gane ana maganar mugun naman daji mai kama da kare. Sai dai Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ce. Kyarkecin littafi, wanda ke rayuwa a Turai da Asiya da Arewacin Amurka har zuwa ƙasashen Larabawa, dabba ce daban. Kyarkecin da mafarautanmu suka sani shi ma daban yake. Don mu bambance su a wannan rubutu, za mu kira na farko kyarkeci mai ruwan toka, na biyu kuma kyarkecin Afirka mai dabbare-dabbare.

Yadda masana ke jera sunaye

Irin wannan ruɗani na suna ba a Hausa kaɗai yake ba. Shi ne ya sa wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ya kafa tsarin bai wa kowace halitta suna mai kalma biyu da Latinanci, wanda kowa zai yi amfani da shi ko wane harshe yake ji. A bugu na 10 na littafinsa na tsarin halittu, wanda ya fito a 1758, ya kira kyarkeci mai ruwan toka Canis lupus, ya kira karen gida Canis familiaris.

Tsarin ya yi kama da yadda muke bin nasaba. Akwai babban dangi da ake kira Canidae, dangin karnuka, wanda ya haɗa kare da kyarkeci da dila da yanyawa. A cikin dangin akwai gidaje, ɗaya daga cikinsu shi ne Canis. A cikin kowane gida akwai jinsi-jinsi, kamar lupus. Idan kuma jinsi ɗaya ya bazu a ƙasashe masu nisa da juna, har na wani yanki suka bambanta da na wani a girma ko launi ko siffar ƙoƙon kai, sai a ƙara kalma ta uku. Wannan shi ne reshe. Misali, ƙaramin kyarkecin da ke zaune a hamadar Larabawa sunansa Canis lupus arabs. Kalmar farko gida, ta biyu jinsi, ta uku reshe.

A nan ne gardama take. Ina iyakar wannan reshe da wancan? Wani babban kundin dabbobi masu shayarwa da aka buga a 2005 ya lissafa rassan kyarkeci mai ruwan toka fiye da 30, har da karen gida a cikinsu. A Arewacin Amurka kaɗai, Edward Goldman ya ƙirga rassa 23 a 1944, bayan ya auna ƙoƙunan kai masu yawa. A 1995 wani masanin, Ronald Nowak, ya sake aunawa ya ce 5 ne kawai. Ba dabbobin ne suka canza ba, ma'aunin ne ya canza. A da, ido da abin awo ake dogara da su. Yanzu an samu gwajin ƙwayoyin halitta, wanda muka fi sani da gwajin DNA, irin wanda ake yi don gano mahaifin yaro. Da shi ake gane wace dabba ce ta haɗa kaka da wace, da kuma tsawon zamanin da suka yi da rabuwa.

Mai gadin hanya na Japan

Daga cikin rassan da aka lissafa, akwai waɗanda yau sai dai fata da ƙashi a gidajen tarihi. Wanda labarinsa ya fi kama da namu shi ne kyarkecin Japan.

Ya rayu a tsibiran Honshu da Shikoku da Kyushu. Ƙarami ne, tsayinsa a kafaɗa bai kai santimita 60 ba. Manoman duwatsu suna girmama shi saboda yana rage musu aladun daji da bareyin da ke ɓarnar gona. Suna kuma da camfin cewa yana bin matafiyi a baya cikin dare har ya kai shi gida lafiya. Amma su ma mutanen Japan sunaye biyu suke amfani da su, okami da yamainu, wato karen dutse, kuma ba kowa ya yarda ko dabba ɗaya ake nufi ko biyu ba.

Wani likita Bajamushe mai suna Philipp Franz von Siebold, wanda ya yi aiki a Japan, ya aika samfuran dabbar zuwa gidan tarihin halittu na birnin Laidin a ƙasar Holan. Shugaban gidan, Coenraad Temminck, ya raɗa mata suna Canis hodophilax a 1839. Kalmar ta biyu daga Girkanci take, ma'anarta mai gadin hanya. Ku riƙe sunan Temminck, za mu sake haɗuwa da shi.

Tun kafin wannan suna, masifa ta riga ta sauka. A shekarun 1730 ciwon haukan kare ya shiga Japan, ya bazu daga karnuka zuwa kyarketai. Dabbar da ake girmamawa ta koma abin tsoro mai cizon mutane. Bayan 1868, da ƙasar ta shiga sabon zamani na sare dazuzzuka da faɗaɗa gonaki, aka ɗauki kashe kyarkeci a matsayin aikin ci gaba. Reshen da ke tsibirin Hokkaido na arewa, wanda ya fi girma, ya ƙare wajen 1889. Na Honshu ya ɗan jima. A ranar 23 ga Janairun 1905, a ƙauyen Higashiyoshino da ke lardin Nara, wani Ba'amurke mai suna Malcolm Anderson, da ke tara samfuran dabbobi don gidan tarihin Landan, ya sayi gawar wani matashin kyarkeci daga hannun mafarauta. Daga mai saye har masu sayarwa, babu wanda ya san shi ne na ƙarshe da za a tabbatar. Fatarsa da ƙoƙon kansa suna Landan har yau, a ƙauyen kuwa mutum-mutuminsa aka kafa.

Bayan ya ƙare sai gardama ta ci gaba a kansa. Jinsi ne mai zaman kansa, ko reshen kyarkeci mai ruwan toka, ko kuwa karen gida ne da ya koma daji? Gwajin DNA na ragowar fatu da ƙasusuwa ne ya raba gardamar: reshe ne, sunansa Canis lupus hodophilax. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙara nuna cewa duk cikin kyarketai masu ruwan toka da aka gwada, shi ne ya fi kusanci da karnukan gida. Wato dabbar da za ta taimaka a gane asalin karen da ke gadin gidajenmu, an kashe ta shekara fiye da 100 kafin a san darajarta.

Na tsibirin Sisili a Italiya ma haka ya ƙare. An harbe na ƙarshe da aka tabbatar a 1924 kusa da birnin Palermo, amma sai a 2018 masana suka ba shi sunan reshensa, Canis lupus cristaldii. An yi suna bayan jana'iza da shekara 94.

Namu kyarkecin

Mu dawo gida. Kyarkecin Afirka dabba ce mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa masu faɗi kamar faifai. Jikinsa dabbare-dabbare ne, baƙi da rawaya da fari, bakin wutsiyarsa fari, kuma babu biyu da zanensu ya zo ɗaya. Nauyinsa yakan kama daga kilo 18 zuwa 36.

A 1820, shekara 19 kafin ya raɗa wa na Japan suna, Temminck ya duba samfurin wannan dabba da aka kawo daga Mozambik. Da ya ga dabbare-dabbaren da kunnuwan, sai ya ce kura ce, ya kira ta Hyaena picta, wato kura mai fenti. Kuskure ne babba, domin kura ba ta ma cikin dangin karnuka. Ta fi kusa da kyanwa da jibda. A 1827 wani masani Bature, Joshua Brookes, ya fitar da dabbar daga cikin kuraye ya ba ta gida nata mai suna Lycaon, kalmar Girkanci mai nufin mai kama da kyarkeci. Sunanta a yau Lycaon pictus.

Ku lura, ba a gidan Canis yake ba. Yana cikin babban dangin karnuka, amma ɗan uwa ne na nesa. Akwai alamar da ko ɗan aji ɗaya zai iya ganewa: kare da kyarkeci mai ruwan toka suna da yatsu biyar a ƙafar gaba, ɗaya yana ɗan sama ba ya taɓa ƙasa, shi kuwa na Afirka yatsu huɗu ne a kowace ƙafa. Kuma ba ya haihuwa da karen gida.

Zamansa na da ban sha'awa. Garke guda yana farauta tare, yana bin barewa da gudu har ta gaji. Idan aka dawo, manya sukan amayo nama su ciyar da 'ya'ya da mai jego da wanda ya ji rauni. Wani bincike da aka yi a Botsuwana aka buga a 2017 ya gano cewa kafin garke ya fita farauta, sukan taru su yi ta atishawa, kuma yawan atishawar ne ke nuna ko za a fita ko a'a, tamkar ana kaɗa ƙuri'a.

Reshen Yammacin Afirka yana da suna da ya shafe mu. A 1915 wani masani a birnin Balin na Jamus, Paul Matschie, ya kira shi Lycaon pictus manguensis, daga sunan garin Sansanne Mango da ke arewacin Togo. Garin zango ne a kan hanyar fataken goro da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, kuma kalmar farko ta sunansa ita ce tamu ta sansani. Kakanninmu fatake sun kwana a dazuzzukan da wannan dabba ke yawo.

To yau ina yake? Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1990, kuma ƙiyasinta ya nuna kimanin 6,600 ne suka rage a duk faɗin Afirka, mafi yawansu a kudanci da gabashin nahiyar. A Yammacin Afirka, garken da aka fi tabbatarwa yana gandun dajin Niokolo-Koba na Senegal, kuma 'yan kaɗan ne. Rahoton da ƙungiyar ta fitar a 1997 ya nuna cewa a gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, ganin ƙarshe da aka yi masa a 1978 ne. A 1991 an ga guda ɗaya tilo a dajin Lame Burra, shi ma a Bauchi. Dabbar da ke rayuwa da garke, idan ta kai ga ana ganin ta ita kaɗai, to magana ta kusa ƙarewa.

Dalilan ba su da nisa da na Japan. Garke ɗaya yana buƙatar daji mai faɗin ɗaruruwan murabba'in kilomita, mu kuwa mun mayar da dazuzzuka gonaki da garuruwa da tituna. Bareyi da gadan da yake ci sun ragu saboda farauta. Tarkon waya da aka ɗana wa wata dabba yakan kama shi. Makiyayin da aka kashe wa akuya yakan sa guba a mushe, guba kuwa ba ta zaɓe. Sannan ga ciwon haukan kare da ke tsallakawa daga karnukan ƙauye, wanda ke iya share garke guda cikin 'yan makonni.

Kada mu ɗauka daji abu ne da bai taɓa kusantar birninmu ba. Kasuwar Kurmi, da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, sunanta kaɗai ya isa shaida kan abin da ke wurin a da. Labarin Barbushe na Dutsen Dala ma da farautar giwa ya zo. Yau mai son ganin daji na gaske daga Kano sai ya nufi Falgore, can kudancin jihar.

Ashe malamin daji ma kyarkeci ne

Akwai kuma ɗan uwa na uku, wanda kowa ya sani a tatsuniya: dila, malamin daji, sarkin wayo. Shi bai ƙare ba. Yana nan a karkarar arewacin Najeriya da Nijar da Chadi, har Senegal da Maroko da Masar da Habasha. Nauyinsa kilo 7 zuwa 15, yana cin ɓeraye da zomaye da ƙadangaru da fara da 'ya'yan itace da mushe, wani lokaci ya ɗauke ɗan akuya ko kaza.

Labarin sunansa ya fi na kowa juye-juye. A 1820 Frédéric Cuvier na Faransa ya duba wanda aka kawo daga Senegal ya kira shi Canis anthus. A farkon shekarun 1830 aka buga sunan da wasu Jamusawa biyu, Hemprich da Ehrenberg, suka bai wa na Masar, Canis lupaster, wato mai kama da kyarkeci. A 1880 masanin Ingila Thomas Huxley ya lura cewa ƙoƙon kansa ya yi kama da na kyarkecin Indiya. Duk da haka, a ƙarni na 20 aka tattara dilolin arewacin Afirka aka zuba su a jinsi ɗaya da dilan Asiya da Turai mai suna Canis aureus, saboda kamanninsu. Haka littattafan makaranta suka riƙa koyarwa shekara da shekaru.

A 2011 wasu masana suka gwada DNA na irin wannan dila daga tsaunukan Habasha. Sakamakon ya ba su mamaki, domin ya nuna dabbar ta fi kusa da kyarkeci mai ruwan toka. Sai suka ba da shawarar a ɗauke ta reshensa. A 2012 wani binciken ya samu irin wannan sakamako a Aljeriya da Mali da Senegal. A 2015 ayarin masana ƙarƙashin Klaus-Peter Koepfli suka yi gwaji mai zurfi, suka gano cewa dilan Afirka da na Asiya sun rabu fiye da shekara miliyan ɗaya, kuma na Afirka jinsi ne mai zaman kansa, ba reshen kowa ba. A 2018 aka ƙara gano cewa asalinsa gauraye ne: kimanin kashi 72 cikin 100 daga kyarkeci mai ruwan toka, kashi 28 daga jan kyarkecin tsaunukan Habasha. Sunan da aka fi amfani da shi yanzu shi ne Canis lupaster, masana kuma suna kiran sa kyarkecin Afirka mai ruwan zinare.

Wani abin lura shi ne, talakawan Masar da Aljeriya da Maroko tun da can dib suke kiran wannan dabba, kalmar da ta fito daga zi'ibu. Ke nan a ƙasar da Shehu Halilu ya rubuta Muhtasar, dabbar da manomi ke kira da wannan suna ita ce ɗan uwan dilan da ke kuka a bayan ƙauyukanmu. Wanda muke kira kyarkeci ya zama ɗan uwa na nesa, wanda muke kira dila kuma ya zama na kusa.

A kula, ba kowane dila ba ne wannan. Akwai wani mai ratsin fari a haƙarƙari da farin bakin wutsiya, wanda ya fi yawa a inda ake samun ruwan sama sosai. Shi masana sun mayar da shi wani gida daban mai suna Lupulella. Nan ma sunan Hausa ɗaya ya rufe dabba biyu.

Me suna ke ƙara wa dabba?

Wani zai ce, dila bai san an sauya masa suna ba, to ina amfanin wannan wahala? Amfanin shi ne, da suna ake ƙirge, da ƙirge ake kafa doka, doka da kuɗin kariya kuma suna suke bi. Lokacin da ake ɗaukar dilanmu ɗaya da na Asiya da Turai, babu mai damuwa da shi, domin wancan yana da yawa, yana ma ƙara bazuwa a Turai. Yanzu da aka san a Afirka kaɗai ake samun sa, dole a ƙirga shi shi kaɗai, a san ko yana ƙaruwa ko yana raguwa.

Haka kuma, muddin muna jin kalmar kyarkeci a karatu muna ganin hotonsa a fim, ba za mu ji cewa wani abu ya ɓace mana ba. Kalmar tana nan daram a bakinmu, dabbar da ta ba mu kalmar kuwa ta bar dajinmu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ɗalibar da ta ƙi yarda da takarda

Kada ku ce wannan aikin furofesoshi ne kawai. A 2020 wata yarinya 'yar firamare a Japan ta je ranar buɗe ƙofa a rumbun ajiyar gidan tarihin halittu na ƙasar da ke garin Tsukuba. Ta ga wata tsohuwar dabba da aka cusa wa fatarta kaya aka tsayar, an rubuta cewa wani irin karen dutse ne. Ita kuwa ta daɗe tana kallon hotunan kyarkecin Japan, sai ta ga siffar ta yi daidai. Ta yi tambaya, ta shiga binciken tsofaffin takardu, masana suka haɗa hannu da ita suka auna dabbar. A Fabrairun 2024, tana 'yar shekara 13 a ƙaramar sakandare, aka buga sakamakon a mujallar gidan tarihin da sunanta a ciki: alamu sun nuna kyarkecin Japan ne, wanda ya shafe fiye da shekara 100 a ajiye da sunan da ba nasa ba.

Abin da ta yi bai wuce abin da ɗalibin zaure ke yi ba idan ya ce, “Gafarta Malam, wannan kalma me take nufi?” Matambayi ba ya ɓata.

Aikin da ke gabanmu

Muna da dukiyar da babu ita a Landan ko Laidin, wato tsofaffin da suka ga waɗannan dabbobi da idonsu. A hutun nan, duk wanda ya je ƙauye, ko yake da kaka ko maƙwabci tsohon mafarauci ko makiyayi, ya ɗauki littafi da biro ya zauna da shi cikin ladabi. Ya tambaye shi: “Baba, ka taɓa ganin kyarkeci? A wane daji? A zamanin wane sarki ko wane gwamna? Su nawa ne? Yaya launinsu da kunnuwansu? Da wane suna kuke kiran sa?” A yi irin wannan tambaya a kan dila da yanyawa da kura. A rubuta amsa yadda aka faɗe ta, da sunan garin da ranar da aka yi hirar. Idan an dawo makaranta, a haɗa amsoshin a gaban malamin ilimin halittu, a ɗora su a kan taswira. Aji ɗaya zai iya gano inda aka daina ganin dabbar da farko, da inda ta fi daɗewa.

Wanda ya je gidan zu na Audu Bako, ya karanta allon da ke gaban kowane keji, ya kwafi sunan Latinanci, ya tantance wace kalma ce gida, wace ce jinsi. Masu kare a gida su tuna wa iyaye a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, domin tana kare mutanen gida, tana kare namun daji. A guji taɓa baƙon kare da sunan ƙirga yatsu, kallo daga nesa ya wadatar. Wanda kuma wannan fanni ya burge shi, ya sani ana karantar da ilimin halittu a Jami'ar Bayero da sauran jami'o'inmu, kuma dilolin arewacin Najeriya na jiran masu binciken da suka san dajin suka san harshen.

Malaman Madabo sun gada mana al'adar bin kowace kalma a san asalinta kafin a wuce gaba. Mu yi wa kalmar kyarkeci haka tun masu amsar suna raye. Duk ajin da ya tattara nasa bayanin, ya aiko mana ta hannun malaminsa, za mu buga waɗanda suka fi inganci a wannan shafi.